Baƙar Katanga a Birnin Uwar Bugu

Duk mai ɗa da ke yawo da roba a aljihu ya tsaya ya ji abin da ya same ni, kafin wata rana hannunsa ya riga hankalinsa. Ni nawa ya riga. Da na san abin da hannun nan zai jawo, da na gwammace a ce ya shanye tun da safe.

Sunana Sallau, noman rani nake yi a fadamar ƙauyenmu, Kwarin Gamji. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, sai na allo, amma ruwa kam na san shi, shekara ashirin da biyu ina ban-ruwa. Abu ɗaya sana'ar ta dasa mini a ka: in ba ka son ruwa ya shiga wuri, ka datse shi.

Ranar Talata da hantsi muna cire albasa, ni da matata Talatuwa da 'yarmu Hansai, mai shekara goma sha ɗaya. Sai na ji yarinyar ta ce, "Baba, wani abu ya tsikare ni." Na waiga, na ga kububuwa tana sulalewa cikin ganye. Sama da idon sawun Hansai na hagu ga huda biyu.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zaro robar da nake ɗaure tiyo a bakin injin ban-ruwa, na zagaya ta sau biyu a ƙarƙashin gwiwarta, na zura kara, na murɗa sau uku, na soke bakin robar ta ƙasa. Wannan ɗauri nawa ne ni kaɗai. Maƙwabta har tsokanata suke yi da shi, suna cewa ƙullin Sallau ko ɗigo ba ya bari.

"Baba, ya yi tsanani," in ji Hansai.

"Yi haƙuri, uwata, dafin nake tarewa."

Na kwantar da ita a gindin mangwaro, na bar ta da uwarta, na zura da gudu neman mota. Babur ɗin ƙanena ya tafi kasuwa, titi kuma da nisa, sai na yanke ta gaɓar kogi.

Rana ta take tsaka sa'ad da na ji ƙasa tana bugawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Dum-dum. Dum-dum. Gaɓar ta tsage, wani gajeren dattijo ya fito, ja wur, fuskarsa a zagaye kamar faifai, tsakiyarta a loɓe. A kansa akwai tulu.

Ya ce, "Aminci gare ka, ya kai ɗan Adam mai laka a ƙafa. Kai ne mai ban-ruwa?"

Na ce, "Ya kai bawan Allah, ko mutum ne kai ko aljan, ka ba ni hanya. 'Yata na kwance."

Ya ce, "Mu kuma unguwa guda ce ke kwance. An toshe mana hanyar ruwa, kuma a birninmu babu wanda ya taɓa ganin toshiya irin wannan. Ka zo ka duba. In ka zo, na yi maka alkawari za ka fito a bakin titi, abin hawa yana jiranka, kafin inuwar nan ta gusa taki ɗaya. In ka ƙi, ka yi ta gudu, yau babu motar da za ta bi."

Na dubi hanya, babu kowa. Na yi bisimilla na bi shi.

Sunansa Jatau Mai Tulu. Tsagar ta rufe a bayanmu, muka faɗa wani kogi mai ɗumi, ruwansa ja mai duhu, ba ya sauri. Dubban irin Jatau suna iyo a ciki, kowa da tulunsa, duk sun yi laushi, launinsu ya dushe.

"Waɗannan daga aiki suke," in ji Jatau. "Sun kai iska unguwanni, sun kwaso hayaƙi. Ka kiyaye abu ɗaya, ya ɗan Adam: a birnin nan ba a komawa baya. Ko me ya faɗi, ya faɗi."

Muka iso wata ƙofa mai marfi biyu kamar leɓɓa. Ta buɗe muka wuce. Hulata ta zame, na juya zan kamo ta, sai marafan suka haɗu da ƙarfi, saura kaɗan su tafi da hannuna. Jatau ya fizgo ni.

"Ashe kunnenka na ado ne? Ƙofofin nan gaba kawai suka sani. Da suna barin ruwa ya koma, da ƙasan birni ya cika ya kumbura."

Na ce, "Tuba nake, dattijo. Shekarunka nawa a nan?"

"Shekaru? Kwana ɗari da ashirin muke yi. Ni yau ina da ɗari da goma sha bakwai. Shi ya sa aka aike ni waje, don in na ɓata ba a yi babbar asara ba."

Kogin ya yi ta haɗuwa da wasu, yana faɗi, bugun nan yana ƙara ƙarfi har haƙorana suka fara kaɗawa. Muka zubo cikin wani babban zaure mai bangon nama. Kafin in daidaita, bangon ya matse, wata ƙofa mai marfi uku ta buɗe a ƙasa, muka faɗa ɗaki na biyu. Ta bayan bangon hagu na ji wata murya ta mace tana ƙirga, ba ta tsayawa.

"Uwar Bugu ke nan," in ji Jatau. "Wurinta za mu."

Na ce, "To ga ta nan bayan bango. Ina ƙofa?"

"Babu. Sai mun zagaya ta Ƙasar Iska."

"Haba dattijo! Ni sauri nake yi. Me zai hana a huda nan?"

Ya zare mini ido. "Ranar da aka huda bangon nan, masu hayaƙi suka gauraya da masu iska, ranar birni zai kwanta ciwo. Riƙe ni da kyau."

Ɗakin ya matse gaba ɗaya. Aka cilla mu sama kamar an harba gwafa.

Ƙasar Iska daji biyu ce, ɗaya dama ɗaya hagu, itatuwanta a kife suke, saiwa sama rassa ƙasa. A bakin kowane reshe akwai 'yan kumfa cunkus kamar 'ya'yan inabi. Guguwa ta shigo, kumfan su cika. Ta fita, su motse. Hanya ta ƙuntata har sai ɗaya bayan ɗaya. Wasu dogayen halittu farare sol, ba fuska sai baki, suna tsaye a kan hanya suna tambayar kowa, "Me ka kawo?" A ce, "Hayaƙi." Su ce, "Zubar." Mai tulu ya zubar, a cika masa da iska, nan take ya koma ja wur kamar an wanke shi.

Da aka zo kaina, ɗaya ya sunkuyo. "Kai fa, baƙo, me ka kawo?"

Na ce, "Tsoro na kawo."

Ya ce, "Wannan ba ma karɓarsa a nan. Wuce da abinka."

Na lura guguwar tana shigowa gajere-gajere, da sauri, kamar ta mai kuka. Ban san dalili ba.

Daga nan muka gangaro zaure na uku, muka bi ta ƙofa mai marfi biyu, muka shiga ɗaki na huɗu. Bangonsa ya ninka na ɗaki na biyu kauri sau uku. A nan na ga Uwar Bugu. Mace ce ƙaƙƙarfa, rabin jikinta a cikin bango, hannunta na dama ya ratsa zuwa ɗaki na biyu da muka baro ɗazu, na hagu yana riƙe da wannan. Ta matsa su tare, ta saki, ta matsa, ta saki. Gumi yana zuba a fuskarta. Maganarta ma a tsakanin bugu take fitowa.

"Ya ɗan Adam, ka yi mini uzuri, ba zan tashi in gaishe ka ba. Shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni ke nan ban zauna ba, ban kwanta ba."

Na durƙusa na ce, "Allah ya ƙara miki ƙarfi, Uwa. Ina ruwan nan yake tafiya in kin tura shi?"

"Ko'ina. Kuma duk ya dawo. Ba ni da wani kogi a ajiye. Wanda ka gani shi ke nan, shi nake turawa, shi ke dawowa, in sake turawa."

A fadama, ruwan da ya bar tiyo ya tafi ke nan, ƙasa ta shanye. Ban taɓa jin ban-ruwan da ruwa ke komawa inji ba.

Ta ce, "Tun hantsi, abin da na aika Unguwar Ƙasa ta Hagu ba ya isa, waɗanda ke can kuma ba su dawo ba. 'Ya'yana suna can a kulle. Je ka gani, ka gaya mini abin da ya tare hanya."

Ta matsa. Wannan cillawar ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Muka fita ta wata babbar hanya mai lanƙwasa kamar ƙugiya, ruwan ja wur, yana gudu kamar doki ya tsinke. Kowane bugu sai bangon hanyar ya buɗe ya dawo. Rassa suna ballewa, wasu sama, wasu gefe. Jatau yana ta ihu, "Ba nan ba! Ba nan ba!" Muka gangara, hanya ta rabu biyu, muka ɗauki hagu.

Sai gudu ya ragu. Muka tarar da cunkoso, masu tulu sun taru suna ture juna, iska cike a kansu, babu wurin kai ta. A gabansu ga wata baƙar katanga, ta shaƙe hanya, ta shaƙe ƙasa, ta zagaye unguwar duka.

Na matsa na taɓa ta. Santsi gare ta, tana warin taya. Na bi ta da ido: zagaye biyu. Daga sama wani ƙaton gungume a zure, an murɗa shi sau uku. Bakin katangar a soke ta ƙasa.

Na janye hannuna.

Jatau ya kai ni wata 'yar kafa na leƙa. Can ciki duhu ne da sanyi. Masu tulu kwance, sun yi baƙi. Gidaje suna kiran iska, muryarsu tana dushewa. Can ƙarshe na hango 'yan unguwanni biyar a jere, fitilunsu suna lumshewa. Wasu abubuwa masu launin ɗorawa suna yawo, suna lasar bango, inda suka lasa sai ya fara yoyo. Masu ɗinkin bango suna zuwa da zarensu, abubuwan nan su haɗiye zaren.

"Waɗannan baƙin da hantsi suka shigo," in ji Jatau. "Duba can."

Na duba. Ta 'yan ƙananan lunguna, ƙarƙashin katangar, wasunsu suna silalowa ɗaya-ɗaya. Katangar ba ta hana su ba. Masu iska kawai ta hana.

Muryar Uwar Bugu ta biyo bangon hanya, tare da bugu. "Ya mai ban-ruwa, ka gani? Wane maƙiyi ne ya yi mana wannan?"

Zan iya cewa ban sani ba. Babu wanda ya gan ni. Amma na tuna mai fadama ɗaya ne yake yin wannan ƙulli a duk Kwarin Gamji, na tuna shekara goma sha ɗaya, na tuna guguwar nan mai kama da kuka. Ashe birnin nan jikin Hansai ne.

Na ce, "Ni ne, Uwa. Ba maƙiyi ba ne. Ubanta ne."

Duk masu tulu suka juyo. Bugun ya yi tuntuɓe sau ɗaya, na ji kamar raina zai fita, sannan ya ci gaba.

"Don me?"

"Na ɗauka dafi kamar ruwan fadama ne. Na ce in datse shi."

"Ka datse. Kuma wanda ya datse hanyar zuwa ya datse ta dawowa, ya datse abinci, ya datse numfashi."

Na zaro wuƙar yankan albasa na yi kan katangar. Jatau ya rungume hannuna, ashe dattijon nan da ƙarfi.

Uwar Bugu ta ce, "Tsaya! Hannunka zai sake riga ka? In ka yanke ta lokaci ɗaya, duk ruɓaɓɓen ruwan da ya kwanta a can da duk baƙin da suka taru za su zubo ɗakina a tare. Ban san ko zan iya ɗauka ba. Daga waje aka ɗaura ta, daga waje za a kwance, a hankali, a hannun waɗanda ke da maganin baƙin nan. Ka kai yarinyar wurinsu. Kada a tsaga, kada a ƙara ɗauri, kada ta taka ƙafar."

"Lokaci nawa gare ni?"

"Ni ban san awa ba, bugu na sani. Unguwar za ta iya jure dubu goma sha biyu daga yanzu. Wataƙila ƙasa da haka."

"Yaya zan ƙirga, alhali ina waje?"

"Zan sa maka shi a kunne. Amma ka sani, ya ɗan Adam, abin da na sa ba ya cirewa. Za ka ji ni a gona, za ka ji ni a masallaci, za ka ji ni ran da ta yi aure ta tafi wani gari. In na yi sauri za ka sani, in na yi rauni za ka sani, kuma ba kullum za ka iya yin komai ba. Ka yarda?"

Na ce, "Na yarda."

Wani abu mai zafi ya shiga kunnena na hagu.

Komawa baya babu. Jatau ya ja ni ta wani siririn lungu sama da katangar, inda sai da na kwanta na ja ciki, shi ma sai da ya lanƙwashe. A nan ya sauke iskarsa ga wani gida, ya ɗauki hayaƙi, ya dushe. Muka faɗa kogin duhu, muka hau sama ƙofa bayan ƙofa, kowace tana rufewa a bayanmu. Zaure, ɗaki, cillawa, sai ga mu a Ƙasar Iska.

Jatau ya tura ni bakin wata kumfa. "Nan za mu rabu. In za a buɗe katangar, ka sa a buɗe kafin kwana ukuna su cika. Ina da 'yan'uwa a can."

Fararen nan suka ce, "Me ka kawo?" Jatau ya ce, "Wannan. Ku fitar da shi." Guguwa ta ɗauke ni.

Na buɗe ido a bakin titi, ba hula. Inuwa ba ta gusa ba. Wata a-kori-kura da ta sauke tumatir tana tsaye, direban yana zuba ruwa a inji. A kunnena kuwa, dum-dum, dum-dum, da sauri.

Da muka iso gindin mangwaro mutane sun taru. Kawu Bawale, ƙanin mahaifina, ya kawo wanzami, an riga an fito da aska da ƙaho. Talatuwa tana kuka, hannunta a kan robar.

"Malam, ƙafar ta yi sanyi kamar randa. Bari in kwance."

"Kada ki taɓa!"

Kawu ya ce, "Yawwa, gaya mata. A ƙara wani ma a cinya, sannan a tsaga a zuƙe."

"Kawu, ba za a ƙara ba, ba za a tsaga ba. Asibiti za mu."

"Kai Sallau, yaushe ka zama likita? Da aji huɗun naka? Mu da muka ga saran maciji tun ba a haifi ubanka... to, tun ba a haife ka ba?"

"Kawu, ka gafarce ni. In na dawo ka yi mini duk faɗan da za ka yi."

Wanzamin ya ce, "To ni a sallame ni mana, na baro aski rabi." Babu wanda ya kula shi. Na ɗauki Hansai. Da ta buɗe baki na ga jini a dasashinta.

"Baba, ina hularka?"

"Ta faɗi, uwata. Ba a komawa."

A mota na yi ta ƙirga. Wajen dubu huɗu muka faɗa rami, lissafi ya ɓace mini. Na sake farawa, ya sake ɓacewa. Daga nan na bar ƙirga, na riƙe ƙafar kada ta motsa.

A asibiti wata malama mai tabarau ta dubi ƙafar, ta dube mu. "Wa ya yi wannan ɗaurin?"

Karo na biyu ke nan a rana ɗaya. Na ce, "Ni ne."

"Baba, buhun gero ka ɗauka ƙafar nan? Jini zagayawa yake yi, in ka tare shi naman ya mutu."

"Na sani, Malama. Na gani."

Ta dube ni ta saman tabarau. Suka sa mata ƙarin ruwa da maganin dafi. Sai da ya fara shiga, sannan malamar ta kama karan nan ta warware murɗa ɗaya, ta tsaya, yatsunta a wuyan hannun Hansai. A kunnena bugun ya rikice, ya yi tuntuɓe, ya yi tuntuɓe. Na dafa bango. Ya daidaita. Ta warware ta biyu. Ta uku ta fi daɗewa. Da robar ta faɗi ƙasa, Hansai ta ƙwalla ƙara, malamar ta ce, "Madalla, gara ta ji zafin."

Yau kwana tara muna nan. Jinin dasashi ya tsaya tun rana ta biyu, kumburi yana saɓewa. Kawu Bawale ya zo da fura, ya zauna bai yi faɗan ba. Bugun yana nan a kunnena, ko yanzu da nake rubutun nan a barandar asibiti ina jin sa, a natse, don tana barcin rana. Yatsun ƙafar uku sun dawo da launinsu, in an taɓa tana ji. Biyu na ƙarshe, ƙaramin da na kusa da shi, har yanzu baƙi ne.

Likita ya ce ranar Alhamis mai zuwa zai sake dubawa. Ban san ko mun iso kafin dubu goma sha biyun su cika ba. Ban san ko Jatau ya ga 'yan'uwansa ba. Ban kuma san ko Hansai za ta koma gida da yatsu biyar a ƙafar nan ko da uku ba.